Sandar Hagu ta San Rocco

Castelvaro, Yuli

Ƙanena Fiorenzo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya a Torino, har da hannun naka da ya manta rubutu.

Kafaɗar Baba ta gaza, ko kwandon zaitun ba ya iya ɗagawa. Ka san ƙa'ida: ranar idin San Rocco, idan aka ɗaga mutum-mutumin waliyyi ba ɗan gidanmu a ƙarƙashin sandar hagu ta abin da ake ɗaukarsa a kai, wurin ya koma gidan Colasanti har abada. Annoba ba ta raba mu da sandar nan ba, girgizar ƙasa ma haka. Kai ne za ka raba mu? Ka zo.

Yayarka,
Ermelinda

Torino, Agusta

Yaya Ermelinda,

Ina gaisuwa. Kafin ki fara zagi, ki sani na zo. Da safiyar idin na sauka a tashar kwari, na zauna jiran ƙaramin jirgin ƙasan da ke hawa da mu gida. Mai sayar da kofi ya yi ta dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, daga wace duniya? Dubi layin, awaki ke kiwo a kai." Bas kuma ba ya fita ran Lahadi.

Na tsaya a bakin gada ina hango garin can bisa dutse. Na ji ƙararrawa, na san an ɗaga. Kunya ta hana ni ƙarasawa, na juya. Wa ya shiga wurinmu?

Ki huta lafiya,
Fiorenzo

Castelvaro, Satumba

Fiorenzo,

Na gaishe ka, don haka aka koya mana.

An rufe layin jirgi tun shekarar da Mama ta rasu. Da ka zo jana'iza, da ka sani. Hanyar alfadarai kuwa tana nan, wadda Mama ta riƙa hawa da cikinka.

Ni na shiga. Tsohon Colasanti ya ce, "Mace?" Na ce, "Ka ga wani namiji a gidanmu ne?" Fada Elpidio, limamin cocinmu, ya ɗaga kai yana nazarin gajimare har muka bar harabar coci. Wurin yana hannunmu, bana dai.

Da muka dawo Baba ya shafa min man zaitun a kafaɗa. Bai yaba ba, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ko yaron ya yi kiba yanzu?"

Ban gaya masa ka iso har gada ba. Me zan ce masa?

Yayarka,
Ermelinda