An Kama Habu Babu Takarda

Zuwa ga ƙanena Isa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya mutanen Katsina?

Famfo ya kashe wa ɗana Habu sana'ar ga-ruwa. Ya fita neman dako a unguwar Zahir, askarawa, wato 'yan sandan nan, suka kama shi babu takardar zama. Laifina ne. Lokacin da ake rubuta mazauna na hana a rubuta mu, na ce mu baƙin Allah ne, gida za mu koma. Yanzu za su tura shi gida, ƙasar da bai taɓa gani ba, don a nan aka haife shi.

Na roƙi a haɗa da ni. Babbansu ya ce, "Zauna, tsoho, mutuwa za ta fitar da kai."

Ka tarbe shi, Hausarsa kaɗan ce. Gai da Hajo. Ku yi mini addu'a, ba ni da mai ɗebo mini ruwa.

Yayanka Musa, Makka