Na Fassara Mata Cin Mutunci Na Ce Addu'a Ce

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin ki rufa min asiri ki ɓoye sunana, Hausawan Bronx kowa ya san kowa. Don girman Allah shawara nake nema, ku ba ni ita ko da zafi, don ni ma na san ina da nawa laifin a ciki.

Ni Bakanuwa ce, shekarata arba'in da ɗaya, ina zaune a unguwar Parkchester a nan New York, aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu. Mijina ya rasu shekara shida ke nan. Akwai wanda zan aura nan da sati uku, bari in kira shi Alhaji tunda shi ma haka yake kiran kansa. Ɗan zangon Accra ne, direba ne a wani ofishin jakadanci a Manhattan, kuma wallahi tuƙi sana'a ce ba abin kunya ba, amma shi in ka tambaye shi aikinsa sai ya gyara murya ya ce ai su diplomatic ne, katin ofis ɗin nan kuwa ko Juma'a da shi yake zuwa a rataye a wuya kamar laya. Tun farko na ga wannan halin, na ce 'yar burga ce irin ta maza, za ta wuce.

Sai kuma maƙwabciyata, zan kira ta Denise. Baƙar fatar Amurka ce, Kirista, ta ɗan girme ni. Lokacin da aka yi min aiki a ciki, 'yan'uwana Hausawa suka zo suka yi min sannu suka sha lemo suka tafi, ita ce ta yi sati biyu tana tallafa ni zuwa banɗaki, har kunun gyaɗa ta koyi damawa saboda ni. Ta daɗe tana cewa kafin ta mutu tana so ta taka ƙasar Afirka, to da Alhaji ya ce mu je Accra in gaida mahaifiyarsa kafin biki, sai na ce mata ta shirya mu tafi tare.

A kwana na huɗu da saukarmu Accra muka ɗauki mota muka yi sammako zuwa Elmina, garin masunta ne a bakin teku, a nan Turawan Fotugal suka gina wani ƙaton farin gida mai ganuwa inda ake tara bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Saboda Denise muka je. Tun a hanya Alhaji ya fara, wai kakanninsa fataken goro ne daga Kano suka zauna a Salaga, tsohuwar kasuwar bayi a arewacin Ghana, wai gidansu bayi ne ke ɗebo ruwa bayi ne ke shara, su 'ya'ya ne tun asali. Da Hausa yake yi, na taka masa ƙafa, bai jima ba ya ɗora daga inda ya tsaya.

Jama'a wanda bai shiga gidan nan ba ba zai gane ba. Coci a tsakar gida, ɗakin gwamna a sama yana shan iskar teku, a ƙasa kuma ɗakunan da ake cusa mata, ba taga sai 'yar kafa, har yau akwai wani wari a wurin. Denise ta cire takalmanta, ta fito da hoton kakarta daga jaka ta durƙusa. Mai zagayawa da mu ya ce kowa ya yi shiru, ya ja ƙofa ya rufe mu na ɗan lokaci, wallahi ni da ba dangina aka kwasa ba sai da na share hawaye. Ana buɗewa na waiga, sai ga Alhaji ya ɗaga waya yana gyara hula yana ɗaukar kansa bidiyo. Da yake an ce a yi shiru sai ya ƙanƙantar da murya kamar wani malami, yana cewa, “Jama'a ga mu a kurkukun bayi, mun kawo wata jikarsu ta ga inda aka loda kakanninta, ku dube ta can tana kuka kamar yau aka kama ta. Wa ya sani ko kakana ne ya koro su daga Salaga. Mu dai Alhamdulillahi.” Har da shafa fuska.

Denise ta san Alhamdulillahi, tana jin ta a bakina kullum. Muna fitowa haske ta riƙe hannuna, idonta jajur, ta tambaye ni me ya ce. A nan na tafka tawa. Na ce mata addu'a ya yi wa kakanninta, Allah ya ji ƙansu ya sanyaya makwancinsu. Baiwar Allah ta sake fashewa da kuka, ta dafa ƙirji ta je tana yi masa godiya, shi kuma ko kunya babu, ya wani sunkuyar da kai yana amsawa. Daga nan muka zauna cin abinci a bakin ruwa, ni da ita ko loma ba mu iya kaiwa baki ba, shi ya tashi da soyayyen kifi biyu har yana tsotsar ƙaya. Tun daga ranar in na kalli bakinsa raina ɓaci yake yi.

Da muka dawo New York na tare shi da maganar. Ya ce wasa ne, ai ba ta jin Hausa, wanda bai ji ba ba a zage shi ba. Na ce ni na ji. Ya ce na cika ɗora baƙaƙen Amurka a kaina, asali dai asali ne ko na so ko na ƙi. Na ce masa da ba don wuyar da iyayen su Denise suka sha a ƙasar nan ba, da shi da katinsa da hularsa ko kujerar gaba a bas ba za su samu ba. Ya yi fushi kwana biyu, ya dawo da turare wai a bar maganar. Ashe ma tuni ya tura bidiyon a group ɗin abokansa direbobi, sun yi ta tura masa dariya, wannan shi ne abin alfaharin namiji mai shekara hamsin, tir.

To ga inda ƙaryata ta kawo ni. Dangin Denise suna taron zumunci duk shekara, na bana ranar Asabar mai zuwa ne. Mahaifiyarta ta tsufa, a keke ake tura ta, ba za ta taɓa ganin Elmina ba. Denise ta riga ta ba ta labarin wani Bahaushe mai zuciyar kirki da ya yi wa kakanninsu addu'a da harshensa, tsohuwa ta ce tana so ta ji muryarsa. Yanzu Denise tana so in karɓo mata bidiyon a kunna a taron, in kuma rubuta fassarar da hannuna. Na gaya wa Alhaji, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce in rubuta mata duk addu'ar da ta zo bakina, wa zai gane. Ga shi ɗan yayar Denise a filin jirgin sama na JFK yake aiki tare da 'yan Nijar, mutum ɗaya ya isa ya fassara masa.

In na faɗa mata gaskiya, za ta san cewa a rana mafi nauyi a rayuwarta na kalli idonta na yi mata ƙarya don in rufa wa wannan mutumin asiri. In na yi shiru na aure shi, kullum za ta riƙa gaishe shi da girmamawa a ƙofar gidana, ni kuma ina kallo. An riga an raba katin biki, ita har ta kai ankonta wajen tela.

Jiya ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta kawo firem irin na hoto mai ruwan zinare, wai a ciki za a sa addu'ar a rataye a ɗakin mahaifiyarta. Yana nan a kan teburina babu komai a ciki, gobe da yamma za ta zo karɓa. Don Allah 'yan'uwa, me zan ce mata in ta zo, kuma ku a ganinku mutumin nan abin aure ne?