Takardar Likita da Haƙƙin Ya Kaka

Da sunan Allah. Ni, Kyari Abdulhakeem na unguwar Sheshe, ina rubuta wannan da hannuna, hankalina cikakke, zuwa gare ku 'ya'yana, Hambali da Mardiya.

Ga abin da na gani. An haifi ƙanenku Umar a 1999. Yana da wata biyu wurin allurar rigakafin damtsensa ya zama gyambo, ƙuraje masu ruwa suka feso masa daga wuya har tafin ƙafa, harshensa ya yi fari. Magani uku, babu wanda ya ci. Ya rasu yana da wata biyar. Abdulmuttalib ya zo a 2003, ya bi wannan hanya. Yayata Ya Kaka ce ta yi musu wanka su biyun tun daga haihuwa, ta shafe su da man da take haɗawa. Dangi suka ɗora mata laifin mutuwarsu. Ba a taɓa faɗin kalmar a gabana ba. Ta tattara ta koma Gwale.

Ɗaya. Cikin akwatin littattafaina akwai takardar likita. Ta ce yaran sun zo duniya ba garkuwar jiki, kuma gado ne daga ni da marigayiya mahaifiyarku Zuwaira, 'yar baffana. Na karanta kimiyya a jami'a, na fahimci kowane layi. Na ɓoye don kada a guji aurenku.

Biyu. Mardiya, mijinki Ɗalha jininmu ne, kuma kina da ciki. Ku kai wa likita takardar tun yanzu. Kada allura ko askar wanzami ta taɓa jaririn sai likita ya duba shi. Ƙurji ɗaya ya ƙi warkewa, kada ku jira na biyu.

Uku. Ya Kaka ba ta cikin magada, don haka na yi mata wasiyya da ɗakinta na dā. Hambali, shekara ashirin ba ka gaishe ta ba. Ka je Gwale ka karanta mata wannan, a gaban mutane.

Sauran dukiya a raba yadda shari'a ta tsara. Allah ya yi muku albarka, ya raya abin da za a haifa. Ku riƙe juna.

Kyari Abdulhakeem

Gyara: na ce ba a faɗi kalmar a gabana ba. An faɗa. Ranar sadakar ukun Abdulmuttalib aka kira ta mayya a soron gidan nan, ina zaune, takardar tana aljihuna.