Na Taya Motar Baba Oumarou, Na Ƙi Janyewa

Anti Zuwaira, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, gidana ya ƙi zaunuwa, kuma duk a kan wata 'yar mota da ko makullinta ban riƙe ba. Kada ki buga sunana. Agege ba ta da girman da mutane ke zato, yau aka karanta, gobe an nuna ni da baki.

Ni ma'aikacin sito ne a Ijora, ina kula da shigar kaya da fitarsu. Gidana kuwa yana can ƙuryar Agege, ta wajen Iyana Ipaja. Duk wanda ya san Legas ya gane abin da nake nufi. Da na idar da asuba nake fita, in hau danfo, bas ɗin hayar nan, zuwa Oshodi, in sauka in sake kokawar wata, wani lokaci in ƙarasa da ƙafa don gosulo ya tsayar da komai. Kwandasta ya zage ka da Yarabanci, kana ji tsaf, ka haɗiye, don in ka rama a tsakiyar gada zai sauke ka. Gwiwata ta hagu ta fara ciwo saboda matsi. Ogana ya yi min kashedi a kan makara, ya ce na gaba takardar sallama ce. Ina da mata da 'ya'ya uku, Anti, ba ni da wani abin da na dogara da shi sai aikin nan.

Shi ya sa na daɗe ina tari don in sayi mota. Ba ta nuna isa nake nema ba. Tun da fetur ya yi tashin da ya yi, ni dai burina ƙarama, mai ƙaramin inji, wadda ba ta shan mai. Na zaga wajen dillalai har takalmina ya gaji. Tokunbo, wato kwancen da ake shigowa da ita daga waje, ta fi ƙarfina. Masu arhar kuwa, wata na ɗaga kafet na ji warin ruwan ambaliya, wata ana taka ta salansa ta turnuƙe wurin da hayaƙi, wata kuma da na tambayi takardun kwastan sai dillalin ya soma ba ni labarin kakansa.

Ana haka sai ga mota a ƙofar gida. Maƙwabcinmu ne, Baba Oumarou, dattijo mutumin Nijar daga wajen Madaoua. Ya daɗe yana gadi a gidan wata likita a Ikeja, da za ta koma wajen 'ya'yanta a ƙasar waje sai ta bar masa motarta, 'yar ƙaramar Toyota mai giyar hannu. Da ita yake ɗan saro kayan shagonsa. Yana lallaɓa ta kamar jaririya. Na kai Sunusi bakanikena ya duba ta. Ya shiga ƙarƙashinta, ya bar ta a kunne cikin rana ya ga ba ta zafi, ya ce ba a taɓa sauke injin ba. Sannan ya ja ni gefe ya ce in na bari ta wuce ni, kada in ƙara kiran sa duba mota.

Dalilin sayarwar shi ne matarsa, Inna Iyatu. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita, asibiti sun yi iyakar yinsu. Ta ce ita dai a kai ta gida, ta kwanta cikin 'yan'uwanta. Sai an yi shatar mota mai faɗi wadda za ta miƙe a ciki har iyaka. Shi Baba idonsa ya yi rauni, ba zai iya doguwar hanya ba, kuma kuɗin motar su ne kuɗin shata, su ne guzuri, su ne na magani a can.

A ƙofar masallacin layinmu muka yi magana bayan la'asar, mutane na zaune. Ya faɗi kuɗinsa. Ba zan yi miki ƙarya ba, bai tsauwala ba, Sunusi ma ya ce ta fi haka. Na taya da abin da ya ɗan haura rabi. Ya ce albarka. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce ciniki bai mutu ba, kada ya sallama wa kowa sai na dawo. Ya ce ya ji, yana jira na. Kin san tsarinmu a nan, in ɗan'uwa yana kan ciniki ba mai shiga sai ya ce ya janye.

To, ban koma ba, kuma ban janye ba. Makonni ke nan. Habibou mai canji, ɗan ƙasarsu, ya zo da niyyar biyan abin da Baba ya faɗa, da aka gaya masa ina kai sai ya ɗaga hannu ya tafi. Wani Bayarabe ya zo daga Ogba, Baba da kansa ya mayar da shi, wai ya riga ya ba yaron maƙwabta magana. Kuɗin da Baba ya yanka ina da su. Amma in na zuba duka, da me zan canza takardu, da me zan cika tanki? Ai kowa ya san mai sauri shi ke sayarwa da arha, haka kasuwa take, ba ni na ƙirƙiro ba. Na koma yin salla a masallacin bakin titi don kada mu haɗu. Baba ya aiko, na ce mako mai zuwa. Shekaranjiya ya sake aikowa cewa ya rage wani abu. Kin ga ke nan dabarar tana ci.

Matsalar ita ce Dije, matata. Kullum ita ke kai wa Inna Iyatu kunu. Ta dawo ta ce ƙafafun sun kumbura, ta ce yau ko rabin kofi ba ta sha ba. Sai kuma gori, wai a cikin motar nan Baba ya kai ta asibiti ranar haihuwar autanmu, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ni na ce ba a yi ba? Na yi godiya a lokacin, har goro na kai masa. Amma mutunci daban, ciniki daban. Ni na ɗora wa matar ciwo? Yanzu Dije sai ta dire min abinci ta juya, ko sannu da zuwa babu. Wani abin da ke ɗan damu na, in ta dawo daga can na tambaye ta ya mai jiki, wallahi ban san wace amsa nake so in ji ba.

Ki gaya min, Anti. In ƙara haƙuri kaɗan tunda ya fara saukowa, ko kuwa ana samun irin wannan motar a wani wuri? Kuma yaya zan yi Dije ta gane cewa don ita da yaran nake yi?

Naki,
Mai Sammakon Ijora, Agege

AMSAR ANTI ZUWAIRA

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da inda kake da gaskiya, don ba shi da yawa. Wahalar hanyarka wahala ce, tsoron rasa aiki ga mai iyali ba abin raini ba ne, kuma irin motar da kake nema ita ce daidai da kai. Ƙaramin inji, giyar hannu, mota wadda kayan gyaranta ke ko'ina kuma kowane bakanike ya san ta. In za ka duba wata, ka ci gaba da abin da kake yi: ka shinshina ƙarƙashin kafet, ka dubi hayaƙin salansa da safe kafin inji ya ɗumama, ka shiga gosulo da ita ka ga ko za ta yi zafi, kuma kada ka biya sisi sai lambar jikin mota ta yi daidai da ta takarda. Irin wannan akwai su a Legas, sai dai wadda aka lallaɓa kamar ta Baba tana wuya.

Amma kada ka ruɗi kanka. Mota ba ta tashi sama. Gosulon da ke riƙe danfo zai riƙe ka, wannan karon kuma man da ke ƙonewa naka ne. Ka gwada jirgin ƙasan da ke tashi daga Agege zuwa Oyingbo ka ga ko zai rage maka makara. In ka sayi motar, ka nemi abokan aiki biyu 'yan wajenku ku riƙa haɗa kuɗin mai.

Yanzu ga maganar da ka rubuto dominta. Abin da kake yi ba ciniki ba ne. A kasuwa, wanda ya taya da arha aka ce masa albarka, wucewa yake yi ya bar mai kaya da sauran masu saye. Kai ka tsaya a bakin ƙofa ka hana kowa shiga. Ka lura dattijon nan ba ya saɓa magana, sai ka ɗaure shi da wannan halin nasa, a gaban masallaci, da gangan. Ka je ka tambayi limaminku. Hanin shiga cinikin ɗan'uwa an yi shi ne don kare cinikin da aka kusa daidaitawa, ba don a tsare mai majinyaci har ya galabaita ba. Shi ma Baba yana da nasa kuskuren. Da shi ya rubuto min, da na ce ya kira Habibou yau ɗin nan, domin haƙƙin matarsa ya fi alkawarin da aka yi masa tarko da shi. To ba shi ya rubuto ba, kai ne.

Ka ce in koya maka yadda Dije za ta gane. Ta gane sarai, shi ya sa ta daina yi maka sannu da zuwa. Mace tana kallon yadda mijinta ke yi da matar wani da ke kwance, tana auna yadda zai yi ranar da ita ce a kwance. Ba na jin akwai motar da za ta gyara maka wannan.

Abu biyu ne a gabanka, kuma na yau ne, ba na mako mai zuwa ba. Ko dai ka ɗauki kuɗin ka kai masa, na farkon da ya faɗa, ba wanda ya rage saboda ka matse shi ba. Canjin takardu zai iya jiran albashi, tanki kuma ba dole sai ya cika mota ke tashi ba. Ko kuma ka koma inda ka ɗaga murya, ka sake ɗaga ta ka ce ka janye, sannan ka taka da ƙafarka ka gaya wa Habibou. Duk wanda ka zaɓa, ka shiga ka gaishe da Inna Iyatu, ka nemi gafarar mijinta.

Akwai hanya ta uku, ita ce wadda kake kai yanzu, kuma zan gaya maka gaskiya, tana iya kai ka ga abin da kake so. Ka ci gaba da ɓuya. In Inna Iyatu ta cika a Agege, babu sauran shata, babu sauran ja-in-ja. Motar za ta bi gawar zuwa maƙabarta ɗauke da dattawan layinku, a dawo a wanke ta, Baba Oumarou ya miƙo maka makulli a kan duk abin da ka ga dama, don ya samu ya bar garin. Za ka same ta da arhar da ko dillali bai taɓa gani ba, kuma kai za ka shige ta kowace safiya.

Allah Ya ba Inna Iyatu sauƙi, Ya kai ta gida da ranta. Kai kuma ina yi maka fatan alheri, ƙanena. Allah Ya sa ka riga ajali isa ƙofar gidan nan.