Saƙon da Ke Kan Sifili

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da yara. Yau kwanana ashirin a wurin kwas ɗin nan, inda kira ba ya shiga sai saƙo, kuma kullum baitinka na iso mini ƙarfe bakwai daidai, ko daƙiƙa ba ya ƙarawa. Kai da ko ranar ɗaurin aurenmu sai da aka jira ka. Na tambaye ka tarin Auta, ka amsa mini da farin wata. Na tambayi famfon banɗaki, ka ce ni ce raɓar asuba.

Shekara sha takwas ina auren mai rubuta manhaja, na san aikin na'ura in na gan shi. Ka zuba mata baitoci, ka ɗaura mata agogo, ka kama harkarka. In ka gaji da ni, faɗa mini da hannunka. Shi ya sa na aiko wannan a takarda.

Matarka.


Zuwa ga fitilar gidana, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawan yashin kogi, da bege wanda ba ya awo. Rubutun nan na Yaya ne, wadda ta zo jinyata, kalmomin nawa. Ina kwance a ɗakinmu, an saki labule, idona na dama a rufe da bandeji. Kwana uku bayan tafiyarki aka yi mini aiki, likita kuma ya haramta mini kallon kwamfuta da waya har wata guda. Na ɓoye miki a tasha domin na san za ki sauke akwati, ki fasa kwas ɗin da kika shekara biyar kina nema.

Amma ban yi nufin barinki cikin duhu ba. Kafin aikin, saƙo talatin na jera wa manhajar da na rubuta, na farkonsu kuwa bayani ne na duk abin da ke ciki, da roƙon ki riƙa rubuto mini ta wayar Yaya. Na yi ta sauraron wayar nan, shiru, har na fara ƙulla fushi a zuci ina cewa ciwona bai dame ki ba.

Da takardarki ta iso, na sa Yaya ta buɗe kwamfuta ta karanta mini layukan manhajar ɗaya bayan ɗaya, tana mita wai yaren aljanu ne. A layi na tara na ji ɓarnata. Kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, ni kuwa na umarce ta ta fara daga ɗaya. Sai ta tsallake bayanin, ta kai miki zallar waƙa.

Na jera taurari, na tsallake na fari,
Shi ne kuwa yake ɗauke da labari.
Ba ni da hujja, ba ni da uzuri,
Ga ni da ido ɗaya ina ba ki haƙuri.

Tarin Auta ya warke. Famfo yana nan yana zuba. Ki huta lafiya cikin kiyayewar Allah.

Mijinki mai laifi.


Baban yara,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida Yaya, ni da ita za mu yi magana.

Mutumin da ya koya wa 'ya'yansa ƙirga daga sifili har malamarsu ta aiko kiranmu, yau shi sifili ya kayar. Kada ka gyara manhajar, a kashe ta. Na karɓi izinin kwana huɗu, kwas ɗin kuma ban fasa ba. Ina hanya ranar Alhamis, kuma saƙon farkon nan da bakinka zan ji shi.

Matarka.