Ka Cire Sunana da Kuskurena daga Shafin Maganin Sikila

Zuwa ga Injiniya, mai kamfanin gina shafukan intanet da ke saman bene a PZ, Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Mu a nan Samaru, maigidana lafiyarsa lau, sai ciwon gwiwa da ba ya hana shi fita. Babbar 'yata Zainab tana lafiya, tana fama da karatun kwamfuta a jami'a. Ni ma da sauƙi, in ban da hankalina da ya ƙi kwanciya. Autata Ummi ce sai a hankali. Da sikila aka haife ta, wata rana ta tashi garau, wata rana ciwon ƙashi ya hana ta taka ƙasa. Akwai kuma wani yaro mai suna Joshua a Basawa. Ba ni na haife shi ba, amma na sa shi cikin mutanen gidana, domin da sunana aka kai shi gadon asibiti. Saboda shi nake rubuta maka wannan takarda.

Ba ka san ni ba, amma ka san hotona. Ni ce matar da ke can ƙasan shafin maganin sikilar da kamfaninka ya gina, sanye da shuɗin mayafi, yarinya a jikina, an rubuta "Maman Ummi, Samaru." Ban ambaci sunanka ko na kamfaninka a nan ba, don ba tozarta ka nake nema ba. Na hau benenka, yarinyar da ke bakin ƙofa ta ce oga ya fita. Na bar saƙo, aka aiko mini da amsa cewa ku aikinku gina shafi ne da ɗaga shi sama a wurin bincike, abin da ke ciki kuwa na mai magani ne. Wannan amsa ce ta sa na fito da maganar fili, inda iyaye 'yan'uwana za su gani.

Na ɗaya, ka san wadda ke yi maka magana.

Ban yi boko ina yarinya ba. Allo na yi, da ajami na fara rubuta sunana. Sai da na haifi Ummi, na ga ana miƙo mini katin asibiti da ƙwayoyi ban iya karanta ko ɗaya ba, sannan na shiga ajin manya da yamma a Samaru. Malamarmu, Malama Rifkatu, ta sha wahala da ni a kan abu guda. Hannun da ya saba da ajami yakan zuba baƙaƙe ya bar wasula a baya. In zan rubuta magani sai in rubuta "mgani," sikila kuma "skila." Takan duba littafina ta ce, Maman Ummi, yau ma kin cinye wasulan, ba ki karya ba ne? Ajin ya yi dariya, ni ma in yi. Mu da yawa a ajin haka muke, duk waɗanda suka taso da allo. Har yau in ina sauri a waya haka nake rubutu, kuma matan da muke zaure ɗaya da su a waya, iyayen masu sikila, sun san hannuna da wannan.

Su ma ya kamata ka san su. Mata ne daga Muchia, Basawa, Samaru da cikin Sabon Gari, Musulmi da Kirista, layin asibiti ne ya haɗa mu. Na daɗe a layin nan fiye da yawancinsu, shi ya sa sabuwar uwa in ta zo a ruɗe akan ce ta je wurin Maman Ummi. Ba ilimi gare ni ba, daɗewa ce kawai. Amma sun yarda da ni.

Na biyu, yadda na faɗa shafinka.

Wani lokaci da ciwon Ummi ya tashi ya ƙi sauka, na ɗauki waya na rubuta a wurin bincike, "mganin skila zariya." Shafinka ne ya fito a kan gaba, da babban rubutu cewa likitocin Zariya sun tabbatar an samu maganin da ke raba yaro da sikila har abada. Na karanta a hankali, yadda na iya. Ban ga sunan likita ko ɗaya ba, ban ga adireshin da mutum zai taka ya je ba. Amma uwa ce ni, kuma 'yata tana kuka. Na danna koren maɓallin saƙo da ke gefe na aika tambaya daga lambata: 'yata tana da sikila, shin da gaske maganin yana warkarwa? Aka amsa mini da cewa in fara tsayar da ƙwayoyin asibiti, wai suna karya ƙarfin maganin. Wannan magana ba ta kwanta mini ba. Na rufe, ban saya ba, ban sake magana da su ba. Iyakar abin da ya haɗa ni da su ke nan, tambaya ɗaya.

Na uku, abin da aka yi da tambayata.

Maman Joshua matar soja ce, ba ta daɗe da shigowa cikinmu ba. Sai muka daina ganinta ranar asibiti. Muka ɗauka an yi wa mijin canjin wurin aiki. Ranar da na sake ganinta, a ɗakin yara na asibiti ne, Joshua yana kwance ana ƙara masa jini, idonsa rawaya, leɓɓansa fari fat. Na matsa in gaishe ta, ta kawar da kai. Da na dage, sai ta buɗe wayarta ta miƙo mini.

Hotona ne, wanda ke kan lambata, ni da Ummi ranar Sallah. A ƙarƙashinsa an rubuta: "Alhamdulillahi mganin ya yi, yata ta warke daga skila, mun daina zuwa asbiti."

Ta ce ita ma da farko ta yi shakka, domin hoto kowa na iya ɗauka. Abin da ya sa ta yarda shi ne rubutun. Ta ce, "Mama, na ga babu wasulan, na ce wannan ke ce." Ta tsayar wa yaronta ƙwayoyin ƙarin jini da na kariyar zazzaɓi, ta koma ba shi ruwan jarkar da mai maganin ya sayar mata, har zazzaɓi ya kayar da shi.

Injiniya, wanda ya rubuta wannan shaida bai tsaya ga satar fuskata ba. Ya zauna ya kalli yadda nake kuskure, ya kwaikwaye shi, don matan da suka san ni su gaskata. Joshua ya tashi, Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma shaidar tana nan a shafin har safiyar yau da na duba, kuma ban san uwa nawa ke karanta ta ba.

Na huɗu, maganar cewa abin da ke ciki ba naku ba ne.

Da na dawo gida ina ta jan shafin sama da ƙasa, yatsana ya daɗe a kan wani farin fili da ke can ƙarshe, inda babu komai. Sai filin ya yi shuɗi, rubutu ya bayyana a cikinsa. Na tsorata, na kira Zainab. Ta duba ta ce farin rubutu ne aka yi a kan farin fili, don idon mutum kada ya gani amma injin bincike ya gani. Ta karanta mini. "Mganin skila. Mgani skila yara. Maganin sikla. Amosnin jini. Cwon kashi." An jera su layi bayan layi, kowanne an manna masa Samaru, Muchia, Basawa, PZ, Sabon Gari. Duk kuskuren da na taɓa gani a littattafan ajinmu yana wurin.

Wannan ba mai magani ne ya yi ba. Mutumin da ke dafa saiwa ya zuba a jarka bai san farin rubutu a kan farin fili ba. Aikin mai ɗaga shafi ne, kuma sunan kamfaninka ne a ƙarƙashinsa. Zainab ta ƙara nuna mini wasu ƙananan shafuka barkatai da babu komai a cikinsu sai maimaita magana ɗaya, kowanne yana nuna hanya zuwa shafin maganin. Ta ce ana yin haka ne don injin ya ɗauka jama'a da yawa ne suka shaide shi. Na ce ashe irin 'yan amshin da mai tallar magani ke sakawa cikin taro a tasha ne, wannan ya ce ya sha ya warke, wancan ya ce shi ma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda aka nufa da tarkon. Malamin jami'a ba zai rubuta "mgani" ba. Ɗalibai abokan Zainab da Turanci suke bincike. Wanda ya jera waɗannan kalmomi ya san sarai wa yake nema: uwar da ta koyi karatu da girma, wadda take ganin duk abin da ya fito a kan gaba shi ne mafi gaskiya, domin a aji an koya mata cewa na ɗaya shi ne wanda ya fi kowa. Na shiga ajin manya ne don kada a sake cutata da takarda. Ban san karatun nawa ne zai zama ƙofar da za a shigo mini ta ciki ba.

Na biyar, ban ce sana'arka haramun ce ba.

Na tambayi Zainab ko duk mai ɗaga shafi haka yake yi, ta ce a'a. Ta ce akwai hanya mai tsabta: a rubuta amsar abin da mutane ke tambaya da gaske, cikin harshen da suke ji, a sa sunan mai magana da inda za a same shi, a sa shafin ya buɗe da wuri ko a ƙaramar waya, taken shafin ya faɗi abin da ke ciki ba abin da babu ba. Ta ce wannan hanya tana da jinkiri, amma shafin da ya hau da ita yakan zauna, wanda ya hau da ɓoyayyen rubutu kuwa ranar da masu injin suka gano shi sukan jefar da shi.

Akwai irin wannan shafi. Wata nas mai duba yaranmu ta rubuta shi da Hausa: abin da za a yi in zazzaɓi ya zo, yawan shan ruwa, alamomin da in an gani a ruga asibiti. Ba ta yi alkawarin warkarwa ba. Sai da Zainab ta wuce shafi bayan shafi kafin ta kai gare shi. In ka rubuta da irin kuskurena ma, ba ya fitowa sam. Ka ga ke nan gwaninta tana wurinka, gaskiya tana wurinta, mu kuma muna faɗawa hannun wanda ya fi gwaninta.

Ga abin da nake nema a wurinka.

Ka cire hotona da na 'yata da shaidar ƙaryar da aka jingina mini. A wurin da take, ka rubuta a fili cewa Maman Ummi ba ta taɓa sayen maganin nan ba, 'yarta ba ta warke ba, kuma ba ta daina zuwa asibiti ba. Gogewa kawai ba ta isa ba, domin waɗanda suka riga suka gani suna bukatar su ga gyaran.

Ka goge farin rubutun, ka rufe shafukan 'yan amshin. Sauran matan da ke jere da ni a wurin, ka bincika ko sun san an sa su.

In mai maganin ya ƙi, ka janye hannunka daga aikinsa. Kai ka ɗaga shi, ka san yadda za ka sauke shi.

In kuma kana son ka gyara abin da ya ɓaci, ka san kuskurenmu kaf, ka ma tattara su wuri ɗaya. Ka yi aiki da wannan sani a fili, yadda uwar da ta rubuta "skila" za ta faɗa kan shafin nas, ba kan jarka ba. Wannan roƙo ne, sauran kuwa haƙƙina ne.

Mu iyaye muna da taro ranar Asabar ta ƙarshen wannan wata. Zan tsaya a gabansu, Maman Joshua tana zaune, in buɗe shafin a wayata. Ina so in nuna musu gyara. In ban samu ba, zan nuna musu farin filin, in koya wa kowace yadda za ta danna yatsa ya yi shuɗi, daga nan mu ɗunguma zuwa hukumar da ke kula da magunguna, da sunan kamfaninka a rubuce. Don haka ina jiran amsarka a rubuce kafin wannan Asabar. Lambata tana wurinku, a can kuka ɗauki hoton.

A haife na haife ka, kuma ba na yi maka fatan sharri. Allah ya yi wa sana'arka albarka ta hanyar halal, ya ba 'ya'yanka lafiya, ya sa kada ka taɓa tsayawa a layin da muke tsayawa.

Ni na rubuta wannan da hannuna. Zainab ta bi ta mayar mini da wasulan da na cinye, na bar ta, don kada ka ce ba ka gane ba. Amma na hana ta taɓa layin ƙarshe, domin matanmu su san wannan karon ni ce da gaske:

Yata ba ta warke ba. Kada ku daina mganin asbiti.

Wassalam.

Maman Ummi,
Samaru, Zariya.