Isuhu, Usman Zai Koma Dutsen Ƙanƙara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Malam Isuhu, ina fata kana lafiya tare da iyali da su Hajiya a Damagaram. Mu nan Jidda sai godiyar Allah. Na rubuto a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani ne domin wayarka ta ƙi shiga, ko Allah zai sa wani ya isar maka.

Abokinmu Usman zai koma dutsen ƙanƙarar nan. Kafilinsa, wato ubangidansa a wurin aiki, ya ba shi hutu, har ya yanki tikitin ƙasar Jojiya. Jiya ya same ni a shago a unguwar Hindawiyya yana ta murna, wai in shirya mu tafi tare. Lokacin ina cikin auna wa wata mata hulba.

Ka tuna yadda muka tafi wancan karon, ni da kai da shi, ba wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara sai a waya. Jagoranmu ya ɗaura mana faffaɗan takalman nan masu kama da faifai a ƙarƙashin namu, don kada ƙafa ta nutse. Ka ce ashe takanas muka baro Jidda don mu koyi tafiyar agwagwa.

Hawan ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Rana fes, bishiyoyi duk sun sunkuya da nauyin dusa, ba ka jin komai sai numfashinmu. Da muka kai ƙololuwa Usman ya ɗaga hannu yana kabbara. Kai kuwa ka zaro dabino daga aljihu, muka tarar ya daskare kamar tsakuwa, muka tsotsa a haka muna dariya.

Muna nan sai jagoran ya dubi yamma, fuskarsa ta canza. Ya yi mana alama mu sauka maza.

Ba mu yi nisa ba hazo ya rufe mu. Sama fari, ƙasa fari, ban san ina gangare ina rami ba. Ni ne na baya. Maɗaurin takalmina na hagu ya kwance, takalmin ya zame, ƙafata ta lume har cinya. Na ƙwala muku kira, iska ta kwashe muryar. Ina kallon jar rigarka tana dishewa har ta ɓace.

Sai na ji ƙarar nan daga ƙarƙashina, wuf, kamar an yar da buhun gero a ɗaki. Inda nake ya ɗan sauka da ni. Tun da safe jagoran ya ja mana kunne cewa idan aka ji haka, dusar na iya ɓallewa ta tafi da mutum. Na nemi Ayatul Kursiyyu a kaina, wallahi na rasa farkonta, ni da na haddace ta tun ban yi wayo ba. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, Isuhu. Ko motsi na kasa yi, gani nake idan na ja numfashi da ƙarfi dutsen zai tafi da ni.

Kai ka dawo. Da jan ciki ka iso, kana bin sawunmu, gemunka fari fat. Ka miƙo mini sandarka ka ce, “Kada ka dubi ƙasa, ni za ka duba. Halas, an gama, gida za mu.” Ka ja mini ayar, ina bin ka kalma bayan kalma, har ka fizgo ni. Ka cire safar hannunka ka ɗaure mini takalmin da yatsu tsirara a cikin wannan sanyi. Har ranar da na raka ka filin jirgi, bayan an ƙi sabunta iƙamarka, takardar izinin zamanka a Saudiyya, yatsunka biyu ba su dawo daidai ba. Yaya suke yanzu, ɗan'uwana?

Usman bai ga komai a cikin wannan ba. Yana gaba tare da jagora. Da muka ba shi labari a masauki cewa ya yi muna ƙara gishiri. Shi abin da ya dawo da shi hotuna ne. Ni kuwa har yau, ko a titin Aziziyya da tsakar rana, in na taka wani abu ya lotsa, sai gabana ya yanke ya faɗi.

Na gaya masa ba ni zuwa. Ya yi dariya ya ce, “Ya akhi, ɗan'uwana, tsufa ne ya kama ka.” Zai tafi da wasu samari daga wurin aikinsa, waɗanda ko sunan babansa ba su sani ba. Matarsa tana da tsohon ciki. Ita ta kira maiɗakina tana kuka, wai in yi masa magana. Na yi, ba ya ji. Ranar Alhamis zai tashi.

Kai kaɗai yake jin nauyi. Don Allah, idan wannan ta same ka, ka ari wayar ko ta wane ce ka kira shi. In ka iya hana shi, alhamdu lillahi. In ya kafe, to ka gaya masa ya duba maɗaurin takalminsa da kyau, kuma kada ya yarda ya zama na baya. A cikin waɗanda zai tafi da su ban ga mai waiwayowa ba.

Allah ya saka maka da alheri, ya ba yatsunka lafiya, ya buɗa maka a gida. Allah ya tsare mana Usman, ya dawo da shi ya ga abin da za a haifa masa. Allah ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Naka har kullum,
Habibu,
Hindawiyya, Jidda.